Tarihin Yaƙi da Rawar Hannu a Harkar Ɗaukar Hoto

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundin hotunan gidansu zai lura da abu ɗaya: iyayenmu da kakanninmu a ƙame suke, hannu bisa gwiwa, ido a zare, ba murmushi. Yaran yanzu sukan ɗauka tsare gida ne irin na mutanen da. Akwai hakan, amma akwai wani dalili kuma. Kyamarar zamaninsu ba ta yafe motsi. Yau mun kawo tarihin yadda aka shawo kan wannan matsala, da abin da ya kamata mu ɗauka daga ciki, musamman yanzu da matasanmu masu sana'ar hoto ke yawan zancen sababbin gilasan kyamara da ake raɗe-raɗin za su fito.

Kyamara akwati ce mai ƙofa. Ƙofar takan buɗe, haske ya ratsa gilashi ya sauka a kan fim ko faifan lantarki, sannan ta rufe. Idan hannun mai ɗauka ya girgiza a tsakanin buɗewa da rufewa, hoton zai fito dishi-dishi. A 1839, lokacin da aka bayyana dabarar Louis Daguerre a Faransa, ƙofar kan ɗauki mintoci a buɗe. Ko bayan an rage lokacin zuwa daƙiƙoƙi, sai da masu sutudiyo suka ƙera wani ƙarfe da ake tokare ƙeyar mutum da shi ta baya don kada kansa ya motsa. Ita kuma kyamarar ana girke ta a kan ƙafa uku.

Da irin wannan kaya mai nauyi hoto ya shigo ƙasarmu ta bakin teku. Jonathan Adagogo Green, ɗan garin Bonny, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi sana'ar. Shi ya ɗauki Sarkin Bini Ovonramwen a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawa ke kai shi Kalaba. A nan Arewa kuwa, a shekarun da Turawa suka ci Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, mafi yawan hotuna jami'an Turawa da 'yan mishan da matafiya ne suka ɗauka, kuma abin da ya ba su sha'awa suka ɗauka. Daga baya ne masu hoton kasuwa suka bazu, da akwatin katako da baƙin ƙyalle. Dattawanmu sun san umarninsu: "Kar ka motsa!"

Da fim ya ƙara ƙarfin kama haske, sai kyamara ta sauka daga ƙafa uku ta koma hannu. Nan matsalar ta sake salo. Gilashin da ke jawo abu daga nesa yana jawo girgizar hannu tare da shi. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: in gilashinka na milimita 300 ne, kada ƙofa ta wuce kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa a buɗe. Da rana tsaka wannan ba wuya. Amma da magariba, ko a cikin zaure, ko wurin kamun amarya da dare, hasken ba ya isa. Shi ya sa da yawa daga cikin hotunan bukukuwanmu na dare suka lalace, ko kuma hasken filasha ya wanke fuskokin gaba ya bar na baya a duhu.

Masu shirya fim ne suka fara samun sauƙi. A tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke, Garrett Brown, ya ƙirƙiro Steadicam, wata riga mai hannun ƙarfe da ke raba nauyin kyamara da takun mai ɗauka. An yi amfani da ita a fim ɗin Rocky na 1976. Sai dai kaya ne na manyan kamfanoni. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da shekarun da kaset ɗin bidiyo ya mamaye bukukuwanmu, kafaɗar mai ɗauka ita ce madogara. Duk wanda ya kalli kaset ɗin biki na wancan lokaci ya san yadda hoton ke lilo.

Kamfanonin Japan ne suka kai maganin cikin kyamarar kanta. Panasonic ya fitar da kyamarar bidiyo mai wannan fasaha a 1988. Nikon ya sa ta a wata ƙaramar kyamarar fim a 1994. A 1995 Canon ya fitar da gilashin milimita 75 zuwa 300 mai ɗauke da ita, irin wanda ake cirewa a sauya. Aikinta haka yake: a cikin gilashin akwai ƙananan na'urori biyu masu jin juyi, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Da sun ji hannu ya karkata, sai su sanar da wata 'yar kwamfuta, ita kuma ta sa maganaɗisu ya tura ɗaya daga cikin gilasan ciki ta yadda zai soke karkatar, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Canon na rubuta IS a jikin irin wannan gilashi, Nikon na rubuta VR, a waya kuma za ku ga OIS.

Ana auna ƙarfin fasahar da mataki, kowane mataki yana ninka lokacin da ƙofa za ta iya zama a buɗe. Gilashin 1995 mataki biyu yake bayarwa, wato ninki huɗu: maimakon kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa, za ka iya ɗauka a kashi ɗaya cikin 75. A 2003 Minolta ya zo da wata dabara, ya bar gilashi a tsaye ya riƙa motsa faifan karɓar hasken. Olympus ya faɗaɗa wannan zuwa fuska biyar a 2012. A shekarar ce kuma Nokia Lumia 920 ta kawo fasahar cikin waya, iPhone 6 Plus ta biyo a 2014. Zuwa 2020, Canon ya ce kyamararsa R5 na kaiwa mataki takwas idan gilashi da faifai suka yi aiki tare, wato ninki 256. Yau har wasu wayoyin Tecno da Infinix da ke kasuwanninmu suna da ita.

A nan ne za mu taɓo zancen raɗe-raɗi. Tun da Canon da Nikon suka koma sabon tsarin manyan kyamarori marasa madubi a 2018, ba a rasa labarin gilashin da "ke tafe". Tarihin da muka kawo yana koya mana abu uku.

Na farko, hasashe a wannan fage yakan kuskure ko daga bakin masana. A 2016 wani jami'in Olympus ya ce zai yi wuya a wuce mataki shida da rabi, saboda na'urar kan ji har juyawar duniya, wadda ke yin digiri 15 a awa. Bayan shekara uku kamfanin da kansa ya sanar da bakwai da rabi. Haka nan sunan kamfani ba ya tabbatar da gobe: Minolta ya bar harkar kyamara ya miƙa wa Sony a 2006, Kodak ya durƙushe a 2012, Olympus ya sayar da sashen kyamararsa a farkon 2021.

Na biyu, fasahar tana maganin motsin mai ɗauka ne kawai. Dokin da ke sukuwa a hawan sallah, ko ɗan kokawa, ko mai rawa, dole sai da haske da ƙofa mai sauri. Ko gilashin ya kai mataki goma, ba zai tsayar da doki ba.

Na uku, babban tsalle an riga an yi shi. Gilashin gwanjo na shekara goma ko sha biyar baya yana ba da mataki uku zuwa huɗu, kuma tsofaffin gilasan Canon da Nikon suna hawa sababbin kyamarorin ta hanyar mahaɗi. Ga yadda dala ta tsaya wa naira, matashin da ya ajiye aiki yana jiran abin da bai fito ba yana jiran gawon shanu ne.

Jiran nan kuwa yana da tsada a wurinmu. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shafe tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa na bakin kogi, aka sake wa mutum sama da 40,000 matsuguni. Abin da ya rage na waɗannan garuruwa shi ne bakin dattawa da 'yan hotunan da aka samu ɗauka. Ga kuma aikin madatsar Auna da aka daɗe ana jira. Duk ranar da ta cika, akwai gonaki da hanyoyi da kufai da ba za a sake gani ba. Dattawan da suka ga zamanin Sarkin Sudan Sa'idu Namaska tun hawansa a 1974, har ma da waɗanda suka ga kogi kafin madatsa, kullum raguwa suke. Yawancinsu a zaure ko a ɗaki ake samunsu, inda haske ya yi ƙaranci, kuma daidai irin wurin da wannan fasaha ta fi amfani ke nan.

Don haka wanda ke da waya ko kyamara, ya duba ko tana da fasahar ya kunna ta. Wanda tasa ba ta da ita, ya jingina da bango, ya manne gwiwar hannu a jiki, ko ya ɗora wayar a kan turmi. A zaunar da dattijo yana fuskantar ƙofa, a ɗauka sau uku a zaɓi mafi kyau. A rubuta sunansa da unguwa da shekara, a ajiye kwafi a wuri biyu. Gani ya kori ji, amma sai in hoton ya fito. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya.