Daga Sambatu Zuwa Zancen Zuci

Gardamar ta taso ne daga Libreville. Yayana yana kasuwanci a Mont-Bouët, ɗansa kuma yana sakandare, inda aka ba su wasan Molière na 1668, wanda wani marowaci mai suna Harpagon ya binne akwatin kuɗinsa a lambu aka sace, ya fito fili shi kaɗai yana kururuwa. Yaron ya kira ni ya ce, "Baffa, idan mutum yana magana shi kaɗai a wasan kwaikwayo, me ake ce masa da Hausa?" Kafin in buɗe baki na jiyo Yaya daga gefe yana cewa ai wannan sambatu ne. Na ce a'a, zancen zuci ne. Mun kwana biyu muna ja.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, soliloquy, daga Latin take, haɗin solus, wato shi kaɗai, da loqui, yin magana. Wanda ya ƙera ta ma ɗan Afirka ne, Agustin na Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya. Wajen shekarar 386 ya sa wa wani littafinsa wannan suna, inda yake tambaya hankalinsa na ba shi amsa. Daga baya ne masu wasan kwaikwayo suka ɗauke ta.

Mu kuwa duk kalmominmu na magana suna neman abokin yi. Hira sai an zauna a zaure ko dandali. Taɗi da zance har sun zama sunan zuwa wajen budurwa. Jawabi, da muka aro daga Larabci, asalinsa amsa ce, mu muka mai da shi maganar shugaba gaban taro. Huɗuba tana da mumbari da sahu. Ko kirari, da ɗan dambe ke yi wa kansa da bakinsa, don 'yan kallo da abokin karawa yake yi. Wanda aka tarar yana magana ba kowa kusa da shi, zazzaɓi ake fara zargi, in ba shi ba ne a ce a nemo mai ruƙiyya. Munajati kaɗai aka yarda da shi, shi ma bawa ne yake ganawa da Ubangijinsa. Yaya bai yi kuskure a al'ada ba.

To ta ina maganar mutum shi kaɗai ta shigo wasanninmu? Masu cewa daga Shakespeare ne suna da hujja. Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa a 1930, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Daren Sha Biyu na Shakespeare ɗin. Amma mutum nawa ne suka zauna a ajin da ake karanta waɗannan? Wasu kuma sun ce finafinan Indiya ne, waɗanda suka cika silimun Kano irin su Plaza. Na yarda Indiyawa sun koya mana waƙa a cikin fim, ban yarda sun koya mana wannan ba.

Ni rediyo nake ɗora wa alhakin. Mai tatsuniya tun tuni yana da mafita, yakan ce Gizo ya ce a ransa kaza da kaza, shi ke nan an ji cikinsa ba tare da ya zama mahaukaci ba. Da wasa ya koma rediyo, mai ba da labari ya kauce, fuska kuma ba a ganinta. Shu'aibu Maƙarfi, mai Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960, ta rediyo wasanninsa suka fara isa ga jama'a, kuma bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 wannan sana'a ta bunƙasa a hannun su Usman Baba Pategi, wato Samanja. Ɗan wasan da ke gaban makirufo, in ya ƙulla mugunta, dole ya furta ta. Na tuna kakata da akwatin rediyo a kan tabarma, tana tsinke zogale, mai wasa ya rage murya bayan an ji ƙarar rufe ƙofa, sai ta dakata ta ce, "Ji munafuki, yanzu zai faɗi gaskiyarsa." Ba ta taɓa cewa ya zautu ba. Kunnenta ya riga ya saba.

Finafinan Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, su suka kammala aikin. Jaruma ta zabga tagumi a bakin gado, leɓɓanta a rufe, muryarta na tafiya. Wannan shi ne zancen zuci tsantsa, kuma ina jin takaicin yadda wasu daraktoci suka mai da shi hanyar gudun wahalar tsara labari.

Daga baya yaron ya karanto mini shafin kururuwar Harpagon da Hausarsa mai gauraye da Faransanci. Ashe Harpagon har kama hannun kansa yake yi yana zaton ɓarawo ya cafke, sannan ya juya yana tuhumar 'yan kallo. Na ce ya ba Yaya wayar. Na ce, "Yaya, sunan salon zancen zuci, amma wannan tsohon kam sambatu yake yi."