Tsakanin Suna da Lamba: Neman Tarihin Dangin da Suka Yi Yaƙin Bama

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin gano aikin sojan ɗan'uwa Bahaushe da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarƙashin Ingila. Ta nuna cewa gida suna ya riƙe, hukuma kuwa lamba ta rubuta, kuma binciken ba ya yin gaba sai an haɗa su biyun.

1.0 Gabatarwa

A gidaje da yawa na Arewacin Nijeriya da zangunan Gana ana samun kaka ko kawu wanda ake cewa "ya je Bama". Abin da ya rage daga gare shi bai wuce hoto ɗaya, ko lambar yabo, ko labarin da ya sha ba jikoki da daddare ba. A yau waɗanda suka dawo daga yaƙin kusan duk sun kwanta dama, 'ya'yansu ma sun tsufa. Don haka duk wanda bai tambaya yanzu ba, nan gaba kaɗan zai nemi wanda zai tambaya ya rasa.

2.0 Rundunonin da Aka Sa Su

Sojojin Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya duk suna cikin runduna guda ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da RWAFF, kuma Hausa ta daɗe tana harshen bariki a Nijeriya da Gwalkwas. Tun kafin Bama an kai wasunsu Gabashin Afirka, inda birget ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82. Ta 81 ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944, amma an cire mata Birget ta 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya, aka haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate. Ta 82 ta shiga yankin Arakan, rundunonin biyu kuma suka haɗu wajen karɓe Myohaung a Janairu 1945.

Wannan rarrabewa tana da amfani, domin a bakin mutanen gida "Bama" kan haɗe fagagen nan duka. Sunayen barikoki irin su Dodan a Legas, da Chindit a Zariya, da Kalapanzin a Kaduna, da Kaladan a Tamale duk daga can aka samo su. Idan tsoho ya riƙa ambaton ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a hirarsa, to ya ba da alamar inda za a fara dubawa.

3.0 Matsalar Suna

Akawun bariki kan rubuta sunan yanka, ya biyo shi da sunan gari ko na ƙabila: wane Kano, wane Zabarma, wane Fulani. Misali sananne shi ne Alhaji Grunshi na sojan Gwalkwas, wanda ake danganta wa harbin farko na ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya a Togo, cikin Agusta 1914. Grunshi sunan al'umma ne, ba na mahaifi ba. Ga kuma rubutun Bature mai bin abin da kunnensa ya ji, har suna ɗaya ya fito da siffa uku. Wasu ma da suka shiga soja ba da yardar iyaye ba sukan sauya suna da gangan.

Lambobin yabon Yaƙi na Biyu da Ingila ta raba, har da Tauraron Bama, galibi ba a zana sunan mai su a jiki ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar soja, wadda kan fara da haruffan NA ga sojan Nijeriya, GC ga na Gwalkwas. Ana samunta a takardar sallama ko ta fansho. A binciken da na yi kan ƙanen kakana, 'yarsa ce ta kawo lambar da ka, domin ya saba rera ta kamar yadda ake yi a fareti. Da ita aka tabbatar da cewa yana cikin 'yan dako na Runduna ta 81, waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta ratsawa.

4.0 Inda Takardun Suke

Ma'adanar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan tana riƙe da kundayen yaƙi na kullum na rundunonin Kudu maso Gabashin Asiya a rukunin WO 172. An tsara su bisa bataliya, ba bisa mutum ba. Suna ambaton hafsoshi Turawa da suna, sojojin Afirka kuwa sau da yawa adadi ne: mutum kaza sun rasu, kaza sun ji rauni. Duk da haka, wanda ya san bataliyar ɗan'uwansa zai iya bin sawunsa rana bayan rana. Rukunin WO 373 yana ɗauke da takardun neman a ba soja lambar jarunta, kuma a nan sojan Afirka kan fito da sunansa da lambarsa da abin da ya aikata.

Wanda bai dawo ba, a neme shi a rajistar Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila, wadda ke buɗe a intanet. Ginin tunawa na Rangun da ke maƙabartar Taukkyan yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Sai dai rashin suna a rajista ba hujja ba ne: a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na Yaƙi na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a tuna su da suna ba.

A gida, akwai ma'adanar ƙasa ta Kaduna da ta Accra, inda fayilolin larduna kan ɗaukar soja da sallamarsu suke. Akwai kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, ta kuma kawo labaran yaƙin da Hausa. Littafin John Hamilton, War Bush, na 2001, da na David Killingray, Fighting for Britain, na 2010, suna taimakawa wajen fahimtar abin da kundayen suka taƙaita.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Tsari mafi dacewa shi ne a fara da tsofaffin gida, musamman mata, a naɗi muryarsu, a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, sannan a tunkari ma'adanai da lamba da bataliya a hannu. Ana kira ga sassan tarihi na jami'o'in Nijeriya da Gana su tattara takardun sallamar da ke hannun iyalai cikin rajista guda, mai haɗa sunan gida da sunan bariki da lamba, tun gara da damina ba su cinye su ba.