Amir Abdulƙadir da Kiristocin Dimashƙa: Darasi Daga Shekarar 1860

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW). Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, wani ɗalibina ya tambaye ni a aji: "Malam, idan Kirista ya ce ana tsangwamarsa a cikin Musulmi, ba sharri yake mana ba?" Na ce masa wani lokaci sharri ne, wani lokaci kuma gaskiya ne, kuma Musulmi ba ya tsoron gaskiya. Sai na ba shi labarin abin da ya faru a Dimashƙa, babban birnin Sham.

A ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Kiristocin Sham ahluz zimma ne: suna biyan jiziya, hukuma na kare rayukansu da majami'unsu. A 1856 Sultan Abdulmajid ya fitar da dokar da ta daidaita Musulmi da wanda ba Musulmi ba a gaban hukuma. A daidai lokacin yadin Turai mai araha yana kashe kasuwar masaƙan gida, wasu 'yan kasuwa Kiristoci kuwa suna arziki ƙarƙashin kariyar jakadun Turai. Haushin talauci da na siyasa sai ya sanya rigar addini. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Duruz da Kiristoci a tsaunukan Labanon a 1860, wutar ta iso Dimashƙa.

Ranar 9 ga Yuli, 1860, 'yan tarzoma suka auka wa Bab Tuma, unguwar Kiristoci. Aka yi kusan mako ana ƙona gidaje da majami'u, aka kashe dubban mutane. Gwamnan birnin, Ahmad Fasha, yana da sojoji amma bai hana ba.

A birnin akwai Amir Abdulƙadir Aljaza'iri, malami kuma mujahidi, wanda ya yaƙi Faransa a Aljeriya daga 1832 zuwa 1847. Da ya ajiye makami an yi masa alkawarin barinsa ya tafi ƙasashen Gabas, aka saɓa, aka tsare shi a Faransa har 1852. A 1855 ya zauna a Dimashƙa. In akwai mai dalilin riƙe Nasara a zuci, to shi ne. Amma sai ya fito da mayaƙansa 'yan Aljeriya, suna bi lungu-lungu suna kwaso mata da yara da limaman coci da jakadu, har da na Faransa. Gidansa ya cika, ya riƙa raka sauran zuwa ganuwar birnin. Da 'yan tarzoma suka zo ƙofarsa suna neman a miƙa musu mutanen, ya ƙi. Dubbai suka tsira ta hannunsa. Musulmin unguwar Midan su ma sun ɓoye maƙwabtansu.

Amir ya san bambanci tsakanin sojan da ya mamaye ƙasarsa da maƙwabcin da ke zaune cikin amana. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta nuna Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, da yi musu adalci. Bukhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe mai alkawari ba zai shaƙi ƙamshin Aljanna ba. Imam Shamil, wanda ya yaƙi Rasha a Kaukasus, ya rubuto wa Amir wasiƙar yabo a kan abin da ya yi.

Mene ne 'yan tarzomar suka samu? Daular ta turo ministanta Fu'ad Fasha, aka zartar wa Ahmad Fasha da mutane da yawa hukuncin kisa. Faransa kuma ta sauke sojoji kimanin 6,000 a Beirut da sunan kare Kiristoci. Waɗanda suke ganin suna kishin Musulunci, su suka buɗe wa baƙo ƙofa.

Don haka na ce wa ɗalibin nan: idan Kirista ya kawo kuka, ka bincika kafin ka ƙaryata. In ƙarya ne ka amsa da hujja, in gaskiya ne ka tsaya inda Amir ya tsaya, ko da mai zaluncin ɗan'uwanka ne. Hana shi zaluncin shi ne taimakonsa.

Allah Ya jiƙan Amir Abdulƙadir, Ya sanya mu cikin masu adalci. Wallahu a'alam.