Malamin karatun manya da horonsa daga nesa a Nijar: daga rediyo zuwa salula

A cikin wannan takarda muna son mu bi sawun wata matsala da ta girmi intanet da shekaru masu yawa, watau yadda za a ci gaba da horar da malamin karatun manya bayan ya koma ƙauye, nesa da waɗanda suka horar da shi.

Lokacin da gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, ba ta da malamai na musamman. Ana ɗaukar wanda ya ɗan taɓa lakwal, ko wanda ya riga ya iya karatu cikin Hausa ko Zabarmanci, a ba shi horo na ƴan makonni, sa'an nan a bar masa aji na magidanta da suka girme shi. Ajin na rani ne. Da damina ta faɗi sai kowa ya nufi gona. A ƙasar Maraɗi aikin ya samu gindi saboda kasuwar gujiya. Ƙungiyoyin manoma da ke ƙarƙashin UNCC suna bukatar mutanen da suka iya karanta sikeli da rubuta lissafi, don kada a cuce su wajen awo. To, amma malamin da aka koya wa haɗa baƙaƙe kawai, ina zai koyi koyar da lissafin kilo da kuɗi? Mai duba aiki ba ya iya zagaya garuruwa sai jefi-jefi. A nan ne matsalar nesa ta fito fili.

Abin da aka fara dogara da shi shi ne rediyo. An kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962. Mutane kan taru su saurari shiri, mai jagorancinsu ya buɗe muhawara, kuma a ɗauki muryoyin mutane a na'ura a mayar Yamai, inda ake saka su cikin shiri na gaba. Ba don malaman karatun manya aka yi wannan tsari ba, amma a ganinmu a nan ne aka fara gane cewa saƙon da ke tafiya hanya guda ba ya wadatarwa, sai an ji abin da ƙauye ya ce.

Talabijin ta lakwal, wadda aka fara a 1964 da taimakon Faransa, ita ce gwaji mafi girma, kuma ta fi kowane jan hankalin baƙi masu bincike. An sa matasa masu takardar gama firamare kawai su riƙe azuzuwa, darasi yana fitowa daga akwati, su kuma suna bin takardun jagora da aka aiko musu. Da haka mai riƙon ajin yake koyon sana'a yana cikin yin ta: yana ganin yadda gwani ke gabatar da darasi, ya kwaikwaya. Yara ne ake koyarwa, kuma da Faransanci, saboda haka ba mu ɗaukar wannan a matsayin tarihin karatun manya kai tsaye. Duk da haka ya nuna abu biyu. Na farko, mutum mai ƙaramin ilimi yana iya riƙe aji da kyau idan taimako yana iso masa kullum. Na biyu, tsada tana iya kashe tsari ko da ya yi nasara. Shirin bai taɓa game ƙasa ba, kuma a 1979 kayan aikinsa suka zama tushen Télé Sahel.

A 1977 aka buɗe cibiyar horar da jami'an yaƙi da jahilci a Yamai. Ta samar da masu duba aiki da masu horarwa, amma malamin ƙauye ya ci gaba da samun nasa horo ta hannu na biyu ko na uku. Maƙwabtanmu sun bi wata hanya: cibiyar malamai ta ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta dogara da darussan takarda da haɗuwa lokaci-lokaci, sai dai malaman firamare ta sa gaba.

Sauyi na gaske ya zo da salula. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services, tare da mai bincike Jenny Aker, ta gwada shirin ABC a jihohin Doso da Damagaram, inda aka ƙara koyon aiki da salula cikin darasin manya, kowane rukuni na mutum biyar da waya guda. Waɗanda suka yi wannan sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Gwajin da ya biyo baya, daga 2014 a jihohin Maraɗi da Damagaram, shi ya fi shafar batunmu. Ba a aika wa malami darasi ba, ba a ƙara masa albashi ba. Kiransa kawai ake yi kowane mako, a kira maigari da ɗalibai biyu, a tambayi ko an yi aji, sa'o'i nawa, mutum nawa suka zo. Sakamakon ɗalibai ya tashi. Ana iya cewa tsoron sa ido ne ya yi aiki, kuma ba mu musun haka. Amma wanda ya san zaman malamin da ke yin watanni babu wanda ya tambaye shi yadda ajinsa yake, zai yarda cewa kiran da kansa wani nau'in tallafi ne.

Horo ta intanet kuwa, shirin IFADEM na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ya shigo Nijar da littattafan koyon kai da masu jagora, amma shi ma don malaman firamare aka tsara shi, kuma da Faransanci. Malamin karatun manya da Hausa yake koyarwa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci, sau da yawa a garin da cajin waya ma sai ranar kasuwa.