Yadda Likitoci Suka Koma Ɗinke Jijiyar Idon Sawu

Yawancin targaɗen idon sawu ba ya kai mutum ɗakin tiyata. Hutu, ɗauri da motsa ƙafa a hankali sun isa. Sai dai akwai waɗanda ƙafarsu ba ta ƙara riƙewa, ko ɗan tsakuwa suka taka sai ta gurɗe, domin jijiyoyin da suka ɗaure ƙaramin ƙashin ƙwauri da ƙasusuwan ƙafa ta gefen waje sun yage, sun warke a sake.

Likitocin tsakiyar ƙarni na 20 sun ɗauka cewa tsohuwar jijiya ta riga ta lalace, don haka suka koma aro. Watson-Jones a Ingila, da Evans a 1953, sukan yanko lafiyayyar jijiyar tsokar da ke bi ta bayan idon sawu, su huda ƙashi, su zura ta ciki su ɗaure. A 1969 Chrisman da Snook na Amurka suka rage ɓarnar, suka tsaga jijiyar biyu suka ɗauki rabi. Ƙafa takan tsaya, amma da tsada: gaɓar ta sandare, kuma an raunana tsokar da aikinta ke nan hana gurɗewa. Abin takaici ne a taɓa lafiyayye don a gyara mai ciwo.

Wanda ya juya akalar shi ne Lennart Broström, likita a Suwidin. A 1966 ya ba da rahoton majinyata 60 da ya yi wa aiki, ya nuna cewa ko bayan shekaru, jijiyar da ta yage tana nan. Sai a nemo bakinta, a ja, a ɗinke ta a mazauninta. A 1980 Nathaniel Gould ya ƙara dabara guda: ya jawo wata fatar ciki mai ƙarfi da ke kwance a saman ƙafa, ya ɗinke ta kan gyaran.

Wannan aiki, da ake kira Broström-Gould, shi ne zaɓin farko har yau. Yanzu wasu na yin sa ta ƙananan huji da kyamara, wasu na ƙara zare mai faɗi don ƙarfi. Aron jijiya kuwa an bar shi ga mai nauyin jiki sosai, ko wanda jijiyarsa ta asali ta cinye, ko wanda ɗinkin farko ya kwance.