Yunwa ko ci? Yadda likitoci suka sauya ra'ayi kan kumburin fankiriyas

Fankiriyas wata 'yar tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan ciki. Ita ke samar da insulin, ita kuma ke zuba sinadaran narkar da abinci a cikin hanji. Idan ta kumbura farat ɗaya, ciwo kan taso daga ƙasan ƙirji ya ratsa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Kusan mutum takwas cikin goma kan warke cikin mako guda. Sauran kuwa, abin yakan kai su ga gazawar huhu ko ƙoda, wani lokaci har ga rasa rai. To me ke raba waɗannan da waɗancan? Kuma ina ruwan abinci? Amsar ta ɗauki likitoci fiye da shekara ɗari.

A 1889, Reginald Fitz, wani likita a Boston ta Amurka, ya yi wa cutar cikakken bayani na farko daga binciken gawarwaki. A 1896 Hans Chiari a birnin Firag ya ce ai tsokar tana narkar da kanta ne: sinadaran da ya kamata su fara aiki a hanji sun fara tun suna gida. A 1901 Eugene Opie, a asibitin Johns Hopkins, ya tarar da tsakuwar matsarmama ta toshe mahaɗar bututun maɗaciya da na fankiriyas. Sai 1974 Acosta da Ledesma a Ajantina suka ƙarfafa wannan, inda suka tace bayan gidan marasa lafiya suka tsinci tsakuwoyin a mafi yawansu.

Ka ga daga nan hankali ya ce, tun da abinci ke tayar da tsokar, a hana mara lafiya ci ta huta. Haka aka yi shekara da shekaru. Da aka ƙware wajen ciyarwa ta jijiya a ƙarshen shekarun 1960, sai aka riƙa barin hanji wayam makonni.

Ashe an bar jaki ana dukan taiki. Hanjin da ba ya samun abinci bangonsa kan yi rauni, ƙwayoyin cuta su tsallaka su faɗa wa sassan fankiriyas da suka mutu, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kisa. A 1997 wani gwaji a Girka ya nuna masu ciwon mai tsanani da aka ciyar ta robar hanci zuwa hanji sun fi waɗanda aka ciyar ta jijiya tsira daga matsaloli. A 2018 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar a fara ba mara lafiya abinci ta baki cikin awa 24, muddin zai iya.

To abincin da aka ci kafin ciwon fa? Nan ne kai da ni muke da hannu. Tsakuwar matsarmama da giya su ne manyan sanadai biyu. Akwai kuma maiƙon jini, wato tiraigilisarayid: idan ya haura miligiram 1000 a desilita, shi kaɗai ya isa ya tayar da ciwon, kuma irin wannan yakan fi muni. Giya, yawan sukari da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba duk suna ɗaga shi.

Teɓa ma tana ƙara tsanani. Tun 1882 Balser a Jamus ya ga fararen ɗigo-ɗigo na ruɓaɓɓen kitse kewaye da fankiriyas. Yanzu an gane sinadarin narkar da mai ne ke kwararowa ya farfasa kitsen ciki, abin da ya fito kuma ya zama guba ga huhu da ƙoda. Wato yawan kitsen da ka tara, yawan itacen da wutar za ta samu.

Saboda haka kada ka ɗora laifin duka kan kwanon naman da aka ci daren jiya. Cin shekaru ne ke shirya fagen. In an taɓa ce maka kana da tsakuwar matsarmama ko maiƙo ya yi yawa a jininka, ka nemi magani tun kana lafiya. In kuma irin wannan ciwon ya taso wa wani naka, a wuce asibiti kai tsaye, batun ci kuma a bar wa likita ya faɗi lokacin.