Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Buhun Shanshera: Manyan Kamfanoni da Fadamar Haɗeja

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 bai shiga birnin Haɗeja ba. Ta arewa ya ratsa, ya yi tasha a Malam Madori, kuma wannan tashar ce ta juya akalar cinikin masarautar. Kafin zuwan jirgi, Haɗeja zango ce ta ayari. Kanwa da busasshen kifi da fatu da dabbobi ta nan suke bi tsakanin Borno da Kano. Da jirgi ya zo, sai kamfanonin Turawa suka biyo bayansa da sikeli da buhunan algarara, suna neman gyaɗa.

Shekara 24 kacal ke nan da yaƙin 1906, lokacin da sojojin Ingila suka faɗa wa birnin, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Waɗanda suka ga wannan rana da idonsu suna nan da ransu lokacin da aka fara awon gyaɗa a bakin tasha, zamanin Sarki Usman.

Babban mai saye a ƙasar Kano da kewayenta shi ne UAC, wanda aka kafa a 1929 bayan an haɗe Kamfanin Neja da wani babban kamfanin Ingila, kuma yana ƙarƙashin Unilever mai yin sabulu da man shafa wa burodi. Akwai John Holt na Libaful, akwai na Faransa irin su CFAO da SCOA, ga kuma Kwarori. Kamfani ba ya zuwa gona. Kuɗi yake ba babban wakili, wakili ya rarraba wa yaransa, su kuma su bazu ƙauyuka, har abin ya gangaro kan 'yan baranda da ke tare manomi a hanya kafin ya kai kayansa kanti. A cikin wakilan babu kamar Alhassan Ɗantata, wanda ake danganta jera buhuna su zama dala da shi. Dala guda takan ci buhu har 15,000, kuma Malam Madori na cikin garuruwan da aka yi dalar gyaɗa.

Ba za a ce cinikin nan bai bar komai ba. Kuɗi ya shiga hannun talaka, aka sayi keke, aka yi rufin kwano, wasu suka sauke farali. Garuruwan bakin dogo suka cika da baƙi, aka sami attajirai 'yan ƙasa da suka koyi hulɗa da banki da rubuta lissafi. Amma manomi bai shiga noman gyaɗa da zaɓinsa kaɗai ba, haraji ne da ake biya da tsabar kuɗi ya tura shi. Farashi kuwa a Turai ake yanke shi, daga baya Hukumar Cinikin Gyaɗa da aka kafa a 1949 ta karɓi yankan, tana saye da araha tana tara rarar. Mafi yawan gyaɗar ɗanya take fita, a matse man a can. Ba aikin kamfani ba ne ya tambayi halin da ƙasar jigawa take ciki bayan shekara da shekaru ana tatsar ta. Da fari ya zo a 1973, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sai dala ta baje. UAC ma tun kafin nan ya janye daga sayen amfanin gona, ya koma harkar masana'antu da motoci.

Gyaɗa amfanin tudu ce, don haka duk wannan hada-hada ba ta taɓa fadama sosai ba. A fadama kuwa kogi ne mai gari. Ruwa yakan taso daga tuddan ƙasar Kano da gefen Filato, ya biyo Kogin Kano da Challawa su haɗu su zama Kogin Haɗeja. Da ya wuce birnin sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, ya rarrabu: wani reshe ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa, kafin a haɗu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa a gangara Tafkin Chadi. A watan Agusta da Satumba ruwa ya malale fadama, shinkafa ta tashi da shi, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. Ruwa na janyewa sai a bi danshi a shuka wake da sauran amfani, masunta su tare bakin kududdufai, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa su bar taki. Fili ɗaya, gida uku suna ci a cikinsa cikin shekara guda, kowa da lokacinsa. Ga kaba da goriba da itacen girki da kanwa. Ruwan da ya kwanta kuma yana nutsewa ƙasa, shi ne rijiyoyin ƙauyukan nesa suke sha da rani.

Abin da ya sauya wannan tsari kankare ne da ƙasar da aka tara a saman kogi. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin Haɗeja tana cikin Jihar Kano. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa, kamfanin Julius Berger ya kammala madatsar Challawa. Madatsun nan biyu su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, babu mai musun wannan. Sai dai masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke malalewa a fadama ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 bayan haka, kodayake ƙarancin ruwan sama ma ya sa hannu. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin da ya kamata a ce an yi tun kafin a zuba harsashi. Suka auna abin da ruwa yake samarwa a fadama, na noma da kifi da itace, suka gwada da abin da daidai wannan ruwan yake samarwa a aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Fadama ta yi rinjaye da tazara mai nisa. Ɗan kwangila dai an biya shi ya gina abin da aka zana masa. Masunta da makiyayan Guri da Kirikasamma ba sa cikin zanen.

Sannan ga kacalla. A da, kogi yakan ƙafe da rani, rana da wuta da kofaton shanu su kashe abin da ya tsiro a cikinsa. Da madatsu suka fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar ta sami abin da take so. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita. Wasu garuruwan na bin Marma gonakinsu suka nutse, wasu na wani reshen suka koma jiran ruwan da ba ya zuwa. Cikin kacallar ne kuma jan-baki ke kwana, gari na wayewa ya faɗa wa shinkafa da gero.

Akwai wani ɗan zamani da ake yawan tsallakewa in ana ba da tarihin nan. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama. Farashi ya yi sama, hukumar raya noma ta Jihar Kano, KNARDA, tana sayar da ƙananan injinan ban-ruwa da rangwame, sai aka afka wa fadama da noman alkama. Masu hali daga birane suka sayi filaye, aka sare daji, aka toshe burtali da mashaya, rigimar manoma da makiyaya ta ƙaru. Ba a jima ba aka ɗage haramcin a farkon shekarun 1990, kamfanonin fulawa suka koma wa alkamar jirgin ruwa, wadda ta fi araha. Abin da ya saura a hannun manoma shi ne injin, kuma da shi aka gina noman ranin da Haɗeja take tinƙaho da shi yau, na shinkafa da tattasai da attaruhu da albasa da kankana.

Kamfanonin da suka dawo a wannan ƙarni da sabon yare suka zo. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa a 2015, da wuya ka buɗe rahoton shekara na babban kamfani ba ka ga an lissafa yaƙi da yunwa da samar da aikin yi ba. A watan Fabrairun 2016 Aliko Ɗangote ya zo Haɗeja, tare da Gwamna Badaru Abubakar, ya ƙaddamar da shirin noman shinkafa na haɗin gwiwa da manoman Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa. A 2018 aka aza harsashin masana'antar casar shinkafa ta kamfanin a Ƙaramar Hukumar Kaugama. Mai son tarihi zai lura cewa Aliko tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen mahaifiyarsa, Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata. Gidan da ya sayi gyaɗar tudu ne ya dawo neman shinkafar fadama. Kamfanin Olam, mai masana'antar fulawa ta Crown, shi ma ya buɗe gonar gwajin irin alkama mai jure zafi a Haɗeja, tare da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri.

Tsarin haɗin gwiwar ba mai wuyar ganewa ba ne. Kamfani ya ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi, ya turo malamin gona, da kaka ya sayi shanshera, ya cire kuɗinsa ya miƙa sauran. A ganina ya fi tsarin gyaɗa ta fuska biyu. Manomi yana nan a kan gonarsa, ba a raba shi da ita ba. Kuma idan an casa shinkafar a gida, ladan aiki da dusa da ɓuntu da kuɗin dako duk a nan suke zama. Wanda yake ganin zaman manomi a gonarsa ƙaramin abu ne, ya tuna da Gagarawa, inda ware wa rukunin kamfanonin Lee fili mai faɗin kusan hekta 12,000 don noman rake ya jawo doguwar taƙaddama da manoman da gonakinsu suka faɗa ciki.

Amma ba a wurin bikin ƙaddamarwa ake gane ingancin irin wannan shiri ba, sai a bakin sikeli. Yaushe aka kawo takin, kafin shuka ko bayan shinkafa ta yi ciki? Wa ke auna danshin shanshera, kuma manomi yana ganin abin da na'urar ta nuna? Kwana nawa ake yi kafin kuɗi ya shigo? In kamfani ya yi jinkiri, ɗan kasuwa yana nan a bakin gona da kuɗi a hannu, manomi kuwa yana da biki da bashi da marar lafiya a gida. Sai ya karkatar da buhunan, kamfani ya ce an ci amanarsa. Gaskiya ne akwai manoman da ke ɗaukar kayan bashi kamar rabonsu na gwamnati, kuma wannan hali ya nakasa shirin bashin Babban Bankin Nijeriya da aka fara a Kebbi a 2015. Laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta shekarar ambaliya. A 2018 da 2020 da 2022 ruwa ya shanye gonaki masu ɗimbin yawa a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Guri da Kirikasamma. Idan yarjejeniya ta ce manomi ya biya ko gona ta nutse, to bashin kafin kaka irin na da ne aka sake wa riga. Idan akwai inshora ta gaske, ko aka raba asarar, a nan ne kamfani zai iya cewa ya yi abin da UAC bai yi ba.

Rijiyar burtsatse da ajin makaranta da kamfani kan gina a ƙauye suna da amfani, ba a raina su. Sai dai kuɗin da ake kashewa a kansu bai kai ko kusa da wanda ke wucewa ta hanyar saye da sayarwa a kaka guda ba. Ƙarin da aka yi wa manomi a kan kowane buhu, da biya a kan lokaci, sun fi su tasiri a gidajen mutane.

Saura batun ruwa, wanda ba ya cikin littafin lissafin kowane kamfani, alhali da shi suke cin riba. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban-ruwa na Kwarin Haɗeja a Auyo, bayan an gyara shi aka faɗaɗa da bashin Bankin Duniya. Al'umma ce za ta biya wannan bashi, masu casa da masu fulawa kuma suna cikin waɗanda za su fi morar amfanin. Kowace hekta da aka ƙara a sama, ruwa ne da ba zai isa Marma da dausayin Baturiya ba, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2008 saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu. Tun 2006 jihohi 6 da kogin ya shafa, wato Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka kafa asusun kula da shi mai ofis a Damaturu. Yanke kacalla kuwa har yanzu ya dogara ne ga injinan gwamnati da aikin gayyar mutanen ƙauye, waɗanda ke shiga ruwa da lauje da adda. Ya dace kamfanin da injinsa ke jiran shanshera daga Auyo ya sa kuɗinsa a wannan asusu da wannan gayya, ya kuma zauna a taron da ake yanke lokacin sakin ruwa daga Tiga da Challawa, tare da sarakunan ruwa da arɗaɗɗan Fulani.